Kuskuren Matuƙi Ko Sakacin Manya?



Duk sa'ad da jirgin sama ya faɗi a ƙasar nan, magana biyu ake fara ji tun kafin hayaƙi ya lafa. Mahukunta su fito a rediyo su ce kuskuren matuƙi ne, talakawa bayin Allah kuma su taru a majalisa ko teburin mai shayi su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Daga nan sai a sauke tuta, a yi zaman makoki, a kafa kwamiti, shi ke nan an rufe babi har sai ranar da wani ya sake faɗowa. Kowace daga cikin maganganun nan biyu akwai gaskiya a cikinta, amma an mayar da su murfin da ake rufe tukunya da shi don kada a ga abin da ke ciki. Ta farko tana kare manya daga tuhuma, domin wanda aka ɗora wa laifin galibi yana cikin makara, ba shi da bakin kare kansa. Ta biyu kuma tana hana talaka yin tambaya, domin an sa masa a rai cewa tambaya jayayya ce da hukuncin Ubangiji.

Wani matashi a Jega ko Aliero ko Maiyama zai iya cewa ina ruwan biri da gada, shi da bai taɓa taka matakalar jirgi ba, kuma ba ya sa ran takawa. To, ruwansa ne ta fuska biyu. Jirgi mai saukar ungulu, wato helikwafta, ba ya jiran filin jirgin Birnin Kebbi. A filin ƙwallo yake sauka, ko filin makaranta, ko filin Idi, kuma duk ranar da aka ji ƙuginsa a sama, musamman a kakar siyasa, matasa ne ke rugawa su yi masa zobe. Sannan cutar da ke kayar da jirgi daga sama ita ce dai ke kifar da mota da babur a hanyar Jega zuwa Koko. Saboda haka ya kamata 'yan uwa su natsu su dubi lamarin da idon basira.

RANAR DA SAKKWATO TA YI KUKA

Iyaye a wannan yanki ba su manta da ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006 ba. Ana cikin kwanakin bayan ƙaramar Sallah jirgin kamfanin ADC, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga Abuja zai tafi Sakkwato ɗauke da mutum 105. Bai yi nisa da filin ba ya rikito cikin gona a kusa da Tungar Madaki, mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya. Cikinsu akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da Sanata Sule Yari Gandi, da Mataimakin Gwamnan Sakkwato na lokacin. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wannan ba mai saukar ungulu ba ne, amma babu wani haɗarin jirgi da ya taɓa zukatan mutanen Gwandu da Sakkwato kamarsa, kuma darasin da ke cikinsa shi ne mabuɗin sauran.

Ba a gama binne mamata ba Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Babalola Borishade, ya fito ya ce matuƙi ne ya ƙi jin gargaɗin da aka yi masa game da yanayi. Da masu bincike suka kammala aikinsu, sun tabbatar da cewa lallai matuƙin ya yanke shawarar tashi alhali ya san hadari ya taso, kuma da iska ta juya masa bagatatan bai bi ƙa'idar kuɓuta daga irin wannan iska ba. Amma rahoton bai tsaya nan ba. Ya nuna cewa na'urar da aka yi wa matuƙan atisaye da ita ba ta dace da koyon kuɓuta daga wannan iska ba, kuma kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'ida kan yadda za a yi aiki cikin mummunan yanayi. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya tura matuƙi atisaye a na'urar da ba ta dace ba? Wa ya bar kamfani yana jigilar rayuka ba tare da ƙa'ida ba? Ina hukumar da aka ɗora wa sa ido take? Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Jama'a sun ji labarin satar ɓera a rediyo, amma warin daddawa yana can kwance cikin rahoton Turanci da talaka bai taɓa gani ba.

YADDA JIKI KE YAUDARAR MATUƘI

Kafin a hukunta matuƙin jirgi mai saukar ungulu, adalci ne a san irin aikin da yake yi. Babban jirgi yana hawa can sama da gajimare, yana tashi daga shimfiɗaɗɗen fili ya sauka a wani, ga fitilu, ga masu yi masa jagora daga hasumiya. Shi kuwa mai saukar ungulu ƙasa-ƙasa yake tafiya, inda tsaunuka da dogayen itatuwa da wayoyin lantarki da ƙarafan sadarwa suke, kuma mafi yawan tafiyarsa da ido ake yinta. Matuƙi yana duban inda sama ta haɗu da ƙasa ne ya san ko jirginsa a daidai yake ko ya karkace. Ranar da wannan layi ya ɓace masa, saboda hazo ko ƙura ko duhu, ya shiga uku.

Dalili kuwa yana cikin halittar ɗan Adam. A can cikin kunne akwai wasu 'yan kafofi masu ruwa, su ne ke sanar da mutum ko yana tsaye ko ya sunkuya ko yana juyawa. Duk wanda ya yi wasan juyi yana yaro ya san yadda bayan ya tsaya cak sai ya ga garin na ci gaba da juyawa, har ya faɗi. Haka ma manomin albasa da ya yi sammako cikin hazo, wani lokaci gabas kan ɓace masa a hanyar da ya shekara yana bi. Shi manomi ƙafarsa na ƙasa, in ya tsaya ya jira rana sai ta nuna masa hanya. Matuƙi ba shi da wannan dama. Jirgi zai karkata a hankali jikinsa bai ji ba, ya ɗauka yana hawa alhali gangarowa yake yi. Tun a 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 na ƙananan jirage waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura kaɗai ba, aka tare musu ganin waje, sai aka tarar matsakaicin lokacin da suke ɗauka kafin jirgi ya kuɓuce musu daƙiƙa 178 ne, wato bai kai minti uku ba. Maganin wannan shi ne horo mai tsanani wanda zai sa matuƙi ya ƙaryata jikinsa ya gaskata na'urar da ke gabansa, kuma wannan horo kuɗi ne wanda kamfani ko hukuma ke biya, ko su ƙi biya.

ƘURAR KABBA

Misalin da ya fi kusa da halin da ake ciki a Alelu shi ne abin da ya faru a Kabba ta Jihar Kogi ranar 2 ga Fabrairu, 2019. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya je yaƙin neman zaɓe cikin jirgin kamfanin Caverton ƙirar AW139, mutum 12 a ciki. Filin wasa aka shirya masa, busasshen fili a tsakiyar rani. Jirgin 'yan sanda ya riga ya sauka ya tayar da ƙura. Da jirgin Mataimakin Shugaban ya matso ƙasa, sai iskar farfelarsa ta tayar da guguwar ƙura ta lulluɓe shi, matuƙa suka daina ganin ƙasa, jirgin ya bugi fili da ƙarfi ya kife ta gefe, fikafikan farfela suka kakkarye. Allah Ya yi da sauran kwana, ba wanda ya rasa ransa.

Hukumar binciken haɗuran jiragen sama ta ce matuƙan sun yi amfani da salon saukar da bai dace da wuri mai ƙura ba, kuma ba su bi ƙa'idar kamfaninsu ba. Wannan kuskurensu ne, ba a ɓoye shi ba. Amma ta ƙara da cewa ba a auna haɗarin wurin ba tun farko, kuma ba a shirya filin yadda ya kamata ba. To, wa ke shirya fili? 'Yan kwamitin tarbar baƙi ne, waɗanda suka kashe kuɗi a kan rumfa da makaɗa da hotuna, amma ba su tuna da tankar ruwa ɗaya da za ta jiƙa wurin sauka ba.

Yanzu mai karatu ya kwatanta wannan da filayen Jega da Aliero da Maiyama daga watan Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ƙasa ta bushe ta zama gari. Ya haɗa da hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har manyan jirage su kasa sauka a Kano da Sakkwato. Idan ƙurar Kogi ta kifar da jirgin mutum na biyu a ƙasa, mai ɗauke da ƙwararrun matuƙa, ina ga ƙurar ƙasar Kabi? Kuma idan fikafikai suka kakkarye suka yi tsalle, ba babban baƙon da ke ɗaure a kujera za su fara samu ba. Matasan da suka yi cincirindo a bakin fili suna ɗaga tuta a kan 'yan kuɗin da ba su kai na abincin kwana biyu ba, su ne a gaba.

WANDA KE ZAUNE A KUJERAR BAYA

Akwai wani abu da ba ya fitowa ƙarara a sanarwar gwamnati, shi ne nauyin mutumin da aka ɗauko. Doka ta ce matuƙi ne sarkin jirgi, in ya ce ba a tashi, ba a tashi. Amma a ƙasar da ake yi wa mai mulki kallon wanda ba a ce masa a'a, wane ƙaramin hafsa ne zai dubi gwamna ko janar ya ce ranka ya daɗe yau sai dai a kwana? Wani lokaci ma ba sai babban ya buɗe baki ba. Kwarjininsa, da tsoron rasa aiki, da son a ce wane gwani ne, sun isa su tura matuƙi cikin gajimare.

Wannan ciwo bai tsaya ga Nijeriya ba. Ranar 26 ga Janairu, 2020, shahararren ɗan ƙwallon kwandon Amurka Kobe Bryant ya mutu tare da 'yarsa da wasu mutum bakwai a Kalifoniya. Matuƙinsa tsohon hannu ne. Hukumar binciken Amurka ta gano ya kutsa cikin hazo alhali da ido aka ba shi izinin tafiya, kansa ya juye, yana shaida wa masu kula da zirga-zirga cewa hawa yake yi alhali jirgin ƙasa ya nufa. Cikin dalilan da hukumar ta lissafa har da matsin da ya ɗora wa kansa na son isar da babban baƙonsa. Ranar 9 ga Fabrairu, 2024, shugaban rukunin bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu suka halaka a hamadar Kalifoniya cikin dare da ruwan sama. Nan ma an ce matuƙi ya ci gaba da tafiya bayan gari ya rufe, amma an kuma kama kamfanin da sakacin sa ido, domin na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki tun kafin a tashi, kuma an sani.

A Iran, ranar 19 ga Mayu, 2024, Shugaba Ibrahim Ra'isi da Ministan Harkokin Wajensa Husaini Amir Abdullahiyan da wasu mutum shida sun rasu a tsaunukan arewa maso yammacin ƙasar, cikin tsohon jirgi ƙirar Bell 212, suna dawowa daga buɗe madatsar ruwa a kan iyakar Azarbaijan. An yi ta raɗe-raɗin makirci a ko'ina, har a majalisun Arewa, amma rahoton ƙarshe na rundunar sojan ƙasar ya ɗora abin a kan hazo mai kauri da ya taso a kan tsaunuka. A Ghana kuma, ranar 6 ga Agusta, 2025, Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed na cikin mutum takwas da suka rasu a jirgin soja a hanyar Obuasi. Duk waɗannan tafiye-tafiye ne na manya masu alƙawarin lokaci, waɗanda jama'a ke jira a wani wuri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji masu iya magana, amma ƙin tashi yana bukatar matuƙin da ya tabbata ba za a kore shi gobe ba.

Mutanen Arewa ba su manta da ranar 15 ga Disamba, 2012 ba, sa'ad da jirgin sojan ruwa ya faɗi a dajin Okoroba ta Jihar Bayelsa, ya hallaka Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da tsohon mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro Janar Andrew Azazi da mataimakansu biyu da matuƙa biyu. Daga jana'izar mahaifin wani hadimin Shugaban Ƙasa suke. Ko da ba a taɓa maganar inji ko ta matuƙi ba, akwai tambayar da ta riga su: da wane dalili jirgin da aka saya da dukiyar al'umma don tsaron ruwa ya zama motar jigilar baƙi zuwa bikin wani mutum? Ga shi kuma ƙa'idar binciken haɗuran farar hula, wadda ta wajabta buga rahoto kowa ya karanta, ba ta hau kan jiragen soja ba. Sojoji ne ke binciken kansu, su faɗi abin da suka ga dama, su riƙe abin da suka ga dama.

TAKARDUN DA SUKA MUTU

Ranar 14 ga Maris, 2012, jirgin 'yan sanda ƙirar Bell 427 ya faɗi a unguwar Kabong da ke Jos, mutum huɗu suka mutu, ciki har da Mataimakin Sufeto Janar John Haruna. Masu bincike sun ce ba su iya yanke ainihin sababin faɗuwar ba, amma abin da suka tono ya isa ya sa mai hankali ya riƙe baki. Takardar lafiyar matuƙin ta ƙare aiki, lokacin sabunta atisayensa ya wuce, mataimakinsa ba shi da shaidar tuƙa wannan samfurin jirgi, injiniyan da ya sa hannu cewa jirgi lafiya lau shi ma ba shi da shaidar aiki a kan samfurin. Wannan fa a hukumar da aikinta shi ne tare direba a hanya ta tambaye shi lasisi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ranar 28 ga Agusta, 2020, wani ƙaramin jirgi ƙirar Bell 206 da ya taso daga Fatakwal ya faɗo tsakanin gidaje a unguwar Opebi ta Legas, saura ƙiris ya isa fili, mutum uku da ke ciki suka mutu. Mai ne ya ƙare. Matuƙi ya ga mai na yin ƙasa, maimakon ya nemi wuri ya sauka, sai ya yi ta lallaɓawa yana fatan isa. Babu ɗan kabu-kabun da bai san wannan lissafi ba. Bambancin kawai shi ne babur in ya shanye mai tura shi ake yi zuwa wurin mai bumburutu.

Sannan ga wanda ya wanke matuƙi sarai. Ranar 12 ga Agusta, 2015, jirgin kamfanin Bristow ƙirar Sikorsky ya faɗa ruwan Legas a Oworonshoki da mutum 12, shida suka mutu har da matuƙan biyu. Da aka tsamo tarkacen aka bincika, sai aka tarar wani sandan ƙarfe ne na cikin abin sarrafa farfela ya rabu da mahaɗinsa, jirgin ya daina jin umarni. Da za a ɗauko matuƙin da ya fi kowa ƙwarewa a duniya a zaunar da shi a wannan kujera, da bai iya komai ba. Da an yi gaggawar cewa kuskuren matuƙi ne aka rufe magana, da an zalunci mamata, an kuma bar sauran jirage masu irin wannan ƙarfe suna yawo da mutane.

ƘADDARA BA TA SOKE TUHUMA

A nan ne ya wajaba a gyara wata fahimta da ta yi katutu. Imani da ƙaddara rukuni ne na imani, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa. Amma magabata ba su fahimci ƙaddara a matsayin lasisin ganganci ba. A zamanin annobar Amwas, Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham da jama'a, da labari ya iske shi cewa cuta ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da Sahabbai ya juya Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Shugaba ne guda, ga jama'a na jiransa, ya yi nisa da gida, amma bai ji kunyar komawa ba. Matuƙin da ya ga hazo ya juya, da direban da ya ji barci ya faka, a kan wannan tafarki suke.

Shari'a kuma ba ta bar kisan kuskure haka nan ba. Wanda ya kashe rai bisa kuskure akwai kaffara a kansa, akwai kuma diyya. Da cewa ƙaddara ce tana wanke mutum, da ba a wajabta ko ɗaya ba. Wani abin lura kuma shi ne diyyar kuskure ba a wuyan mai kuskuren shi kaɗai ake ɗora ta ba, danginsa na wajen uba, waɗanda malaman fiƙihu ke kira aƙila, su ke haɗuwa su biya. Cikin hikimomin wannan akwai cewa waɗanda za su biya ba za su zuba ido ɗansu yana ganganci ba. To, su waye aƙilar matuƙi a yau in ba kamfanin da ya ɗauke shi, da hukumar da ta ba shi lasisi, da gwamnatin da ta naɗa hukumar ba? Tsarin da ke tattara laifi duka ya jibga a kan gawa, manya su karkaɗe riga su tafi, bai san adalci ba.

ABIN DA YA RAGE GA MATASA

Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da ma ƙetare wajen ɗorin karaya. Duk wanda ya leƙa gidajen masu ɗori ya san ba daga jirgin sama aka kwaso waɗanda ke kwance a can ba. Babur ne da mota, kuma da yawansu samari ne. In aka bi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da aka lissafa a sama za a tarar: tafiya cikin hazo ko duhu da fitila ɗaya, birkin da aka san ya lalace aka ce bari a yi wannan sawu tukuna, fasinjan da ke cewa yi sauri kasuwa za ta watse, mai mota da ke jiran balas ko ta halin ƙaƙa, lodin albasa da mutane a samansa. In an yi haɗari sai a ce gangancin direba ne, ko a ce kwana ne ya ƙare, mai motar da ya hana kuɗin taya ya zo gaisuwa ya fi kowa salati. Matashin da ke riƙe da kan babur ko sitiyari ya sani shi ma matuƙi ne, rayuka amana ne a hannunsa, kuma yana da haƙƙin cewa a'a. Sauri ya haifi nawa.

Ranar da aka ce jirgi zai sauka a gari, ɗan uwa ya nisanci fili, ya kuma janye ƙannensa. Ƙaramar farfelar wutsiya in tana juyawa ido ba ya ganinta sosai, shi ya sa ba a tunkarar jirgin ta baya, ba a kuma matsarsa sam sai matuƙi ya ba da izini. Iskarsa na iya ɗaga kwanon rufi da tabarma da leda da rumfa ta maka wa mutane, ko ta cusa su cikin farfela. Masu faɗa a ji a unguwa su tambayi masu shirya taro ko an jiƙa fili, ko an kawar da tarkace, ko an tanadi abin kashe gobara da motar asibiti. Wanda ya zo neman ƙuri'a bai fi ƙarfin a yi masa wannan tambaya ba.

Sannan a nemi ilimi. Hukumar binciken haɗura ta ƙasa, NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar AIB, tana sanya rahotanninta a intanet kyauta, kuma yanzu hurumin nata ya haɗa da jiragen ƙasa da na ruwa. Wannan ya shafi jihar da ta yi asarar ɗimbin rayuka a haɗarin jirgin ruwan Warrah a watan Mayun 2021. Ɗaliban injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero za su yi wa al'umma babban aiki in suka riƙa karanta waɗannan rahotanni suna bayyana wa jama'a da Hausa, domin mahukunta na samun sukuni ne a inda talaka bai san abin da aka rubuta ba. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tana nan a Zariya tun 1964, kuma ba a rubuta a ƙofarta cewa ɗan Maiyama ba ya shiga ba.

Saboda haka duk ranar da aka sake jin sanarwar kuskuren matuƙi, kada ɗan uwa ya yi saurin gyaɗa kai. Ya yi wa mamata addu'a, sannan ya tambaya: wa ya horar da shi, wa ya duba jirgin, wa ya shirya filin, wa ke zaune a bayansa, kuma ina rahoton yake? Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya kiyaye matafiya na sama da na ƙasa da na ruwa, Ya ba al'umma shugabanni masu tsoron ranar da za a tambaye su kan kowane rai da aka ba su amana.